Yadda ake rainon jariran kyanwa a gida

Ta hanya biyu jariran kyanwa suke faɗowa hannun mutum. Ko kyanwar gida ta haihu a sito ko ƙarƙashin gado, ko kuma yara su shigo da su a kwali su ce a kango suka tsince su, babu uwa. Na farkon da sauƙi, don uwar ce za ta yi kusan komai, kai naka sa ido da ciyar da ita. Na biyun ne mai wuya, domin ɗumi da nono da tsarki duk sun dawo wuyanka, dare da rana, har kusan mako huɗu.

Na raini irin waɗannan marayu da dama, kuma abin da na fi gani yana kashe su a hannun masu tausayi shi ne gaggawar ba da madara. Mutum ya ga ɗan abu yana kuka, sai ya yi maza ya ɗura masa madarar shayi, alhali sanyi ne ya kama shi, cikinsa ba zai iya narkar da komai ba. Jerin aikin guda ɗaya ne, kuma ba a juya shi: ɗumi tukuna, sannan ciyarwa, sannan tsarki.

Kayan da za ka tanada

- Kwali mai ɗan zurfi ko kwandon roba, wanda ba za su iya rarrafowa su fito ba.
- Tsofaffin zannuwa ko tawul masu laushi, da ɗan yawa, don kullum sai an canja. Ka guji tsumma mai zare-zare, yana naɗe musu farce, wani lokacin har wuya.
- Robar ruwa guda biyu masu murfi mai ƙarfi, ko tsohuwar safa da ɗanyar shinkafa.
- Madarar gari da aka yi musamman don jariran kyanwa. Ana samunta a shagunan kayan dabbobi da wasu asibitocin dabbobi na manyan garuruwa, irin su KMR da Royal Canin Babycat Milk da Lactol.
- Sabon sirinji mara allura, mai mil 1 da mai mil 3 ko 5. Kowane kemis akwai. In ka samu 'yar fidar dabbobi, ya fi.
- Auduga ko tishu mara turare.
- Sikelin kicin mai nuna giram. In za ka kashe kuɗi a kan abu ɗaya bayan madara, to wannan ne.
- Fulas na ruwan zafi saboda dare.
- Garin gulukos, ko sukari.
- Mataji mai ƙananan haƙora.
- Littafi da biro, da lambar wayar likitan dabbobi.

Mataki na 1: Ka tabbatar marayu ne

Kyanwa mai jego tana fita neman abinci ta yi sa'o'i, kuma tana yawan sauya wa 'ya'yanta wuri, tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ganin su kaɗai ba ya nufin an yar da su. Ka dube su da kyau. In jikinsu fes yake, ciki a cike, suna barci a dunƙule shiru, to uwa tana kusa. Ka barbaɗa toka ko fulawa a kewayen wurin, ka ja da baya nesa, ka dawo bayan sa'a uku ko huɗu ka duba sawu. In ka tsaya a kansu, ba za ta zo ba.

Amma in ka same su a jiƙe ko da datti, jiki sanyi, suna kuka ba ƙaƙƙautawa, ko tururuwa ta fara hawan su, ko suna inda kare ko rana ko ruwan sama zai same su, to ba a jira. Ka ɗauke su nan take.

Na daɗe a kan wannan ne saboda babu madarar da ta kai nonon uwa. Dakashin da take fitarwa a ranar farko shi ne garkuwarsu daga cututtuka, kuma hanjinsu yana iya shanye wannan garkuwar ne a cikin yini na farko kawai. Wanda aka raba da uwa kafin ya sha dakashi ya fi saurin kamuwa da ciwo, sai an ninka masa tsabta.

In uwar ta mutu ko ta ɓata, ka tambaya a unguwa ko akwai wata kyanwar mai shayarwa. Sau da yawa takan karɓa. Ka goge marayun da tsumman da 'ya'yanta suke kwanciya a kai, ka sa su a tsakiyarsu, ka zauna ka kalla. In ta fara lasar su, an dace. In ta yi huci ta kai musu hannu, ka janye su.

In uwa tana nan

Aikinka kaɗan ne. Ka ba ta kwali a wuri mai duhu da shiru, ka ajiye ruwa mai tsabta kusa da ita, ka ninka mata abinci sau biyu har uku, musamman a mako na uku da na huɗu lokacin da 'ya'yan suka fi tsotso. Kyanwa maciyar nama ce, ragowar tuwo da shinkafa ba sa kawo mata nono. Ta samu dafaffen nama, kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, ko abincin 'yan kyanwa na kanti. Ka hana muzuru shiga wurin, don wani yakan kashe jarirai.

Maganar da ake yi cewa in an taɓa su uwar za ta ƙi su, ba haka take ba ga kyanwar da ta saba da mutanen gida. Abin da takan yi in an dame ta shi ne ta kwashe su ta kai inda hannu ba ya kaiwa, kamar cikin silin. Don haka a hana yara yawan leƙe a makon farko. Kai kuma ka ɗaga kowanne sau ɗaya a rana don awo, a gabanta, ka mayar. In ka ga nononta ya kumbura ya yi tauri da zafi, ko wani ruwa mai wari yana fita daga jikinta, ko ta daina ci, ko tana karkarwa, sai asibiti.

Mataki na 2: Ka ƙiyasta kwanakinsu

Da wannan za ka san yawan madara da tazarar ba da ita. Ana haihuwar su da nauyin giram 100 ko kusa da haka, ido a rufe, kunne a lanƙwashe. Cibiya tana faɗuwa da kanta cikin kwana 3 zuwa 5, ba a jan ta. Ido yana fara buɗewa tsakanin kwana 7 da 10, ya gama buɗewa zuwa kwana 14, kuma duk shuɗi ne da farko. A mako 2 zuwa 3 suna rarrafe da tangaɗi, ƙananan haƙoran gaba suna ɓullowa. A mako 3 zuwa 4 kunne ya miƙe, fiƙa ta fito, tafiya ta fara daidaita. Daga mako 5 sai gudu da kokawa.

Mataki na 3: Ɗumi

Jaririn kyanwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai mako 3 zuwa 4. Jikin uwa da na 'yan'uwansa ne bargonsa. Da zarar ya yi sanyi, bugun zuciya yana raguwa, hanji ya tsaya, ƙarfin tsotso ya tafi. In ka ba shi madara a haka, zama za ta yi a ciki ta lalace, ko ta dawo ta shiga huhu.

Ka taɓa tafin ƙafarsa da kunnensa, ka sa ɗan yatsa mai tsabta a bakinsa. In bakin da sanyi, to ka ajiye maganar madara. Ka naɗe shi da ƙyalle ka sa shi cikin rigarka, jikinsa a jikinka, kana ɗan murza shi a hankali. Ana ɗumama shi ne sannu a hankali, daga minti 30 zuwa sa'a guda. Kada ka tsoma shi a ruwan zafi, kada ka kanga shi a wuta. In ya yi laushi ƙwarai, ka dama ɗan gulukos ko sukari da ruwan ɗumi ka shafa masa a dasashi da yatsa, shafawa kawai ba ɗurawa ba, ka maimaita bayan 'yan mintuna. Sai ya fara motsi, bakin ya yi ɗumi, yana neman tsotsar yatsanka, sannan ya isa shan madara.

Wurin kwanciyarsu kuma ga yadda nake yi. Ka shimfiɗa zani ninki biyu ko uku a kwalin, ka ɗora kwalin a kan katako ko tabarma, kada a kan daɓen siminti ko tayil kai tsaye, don suna zuƙe ɗumi. Ka cika roba da ruwa mai zafin da hannunka zai iya jurewa, ka ɗaure murfin tam, ka naɗe ta da tawul, ka kwantar da ita a gefe guda na kwalin. Gefe guda kawai, ɗayan a bar shi babu komai, domin in zafi ya ishe su su samu inda za su rarrafa. Ruwan yana hucewa cikin sa'a biyu zuwa uku, kuma robar da ta huce ɗumin jikinsu take sha, don haka duk lokacin ciyarwa sai a canja. In babu roba, ka ɗumama ɗanyar shinkafa ko yashi mai tsabta a busasshiyar tukunya, ka juye a safa ka ɗaure. Ka gwada a wuyan hannunka na ɗan lokaci kafin ka sa musu. Ka rufa wa kwalin zani mara nauyi, ka bar kafar iska.

Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 29 zuwa 32 a cikin kwalin a makon farko, wajen 27 a mako na biyu da na uku, sannan ya sauko zuwa wajen 24 daga mako na huɗu. Wanda ba shi da ma'auni, su da kansu za su gaya masa. In sun hau kan juna suna kuka suna cusa kai, sanyi ne. In sun watse kowa ya yi nasa gefe, sun miƙe, wani har baki a buɗe, zafi ya yi yawa. In suna kwance kusa da juna suna barci suna ɗan zabura, daidai ke nan.

Yanayinmu yana da fuska biyu. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba ne abin tsoro, musamman tsakanin ƙarfe uku da fitowar rana. Kada ka kai musu kurfoti ko kaskon gawayi ɗaki a rufe, hayaƙin da ba a gani yana kashe su, yana kashe mutane ma. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka ya fi ƙarfinsu. A cire robar ruwan zafi da rana, a kai su ɗakin da ya fi sanyi, amma kada a saita musu fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Sannan ɗigon madara yana kiran kiyashi da cinnaka. In suna damun ka, ka ɗora kwalin a kan kujera, ka sa ƙafafun kujerar a cikin gwangwanaye masu ruwa.

Mataki na 4: Haɗa madara

Nonon kyanwa ya fi na saniya sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi maiƙo. Shi ya sa madarar shayi, ta gari ko ta ruwa, in aka ba su ita zalla, sai gudawa da rama. Madarar jariran mutane ma ba ta kai ba. Mai kaurin nan mai sukari kuwa kada ma ka kusanta.

In ka samu ta kyanwa, ka bi ma'aunin da aka rubuta a gwangwanin, da tafasasshen ruwa da ya huce ya zama mai ɗumi. Ka dama sosai, ka tace da rariya, don ɗan gudaji yana toshe bakin sirinji. Kada ka ƙara mata kauri wai don su yi ƙiba, taurin kashi za ta kawo.

In dare ya yi ko kana garin da ba a sayar da ita, ga haɗin rufin asiri kafin ka aika a sayo:

- nonon akuya da aka tafasa ya huce, mil 240, wato kofin shayi babba guda
- gwaiduwar ƙwai ɗaya, ban da farin
- yogot mara sukari, babban cokali ɗaya

In babu nonon akuya, ka haɗa madarar ruwa ta gwangwani mara sukari da tafasasshen ruwa, rabi da rabi, su ba ka mil 240, sannan ka sa gwaiduwar. Ƙwan ya zama sabo, ba fasasshe ba. Wannan haɗin yana riƙe rai na kwana ɗaya ko biyu, amma bai cika ba, don haka kada ka miƙe ƙafa a kansa.

Madarar da aka dama ba ta wuce sa'a 24 a firij. In babu wuta, ka dama daidai abin da za su sha a zama ɗaya, ragowar a zubar. Da zafin garinmu, sa'a guda ta isa ta juya. Sirinji da kofi a wanke da sabulu a ɗauraye da ruwan zafi bayan kowace ciyarwa.

Mataki na 5: Shayarwa

Ka ɗumama madarar ta hanyar tsoma kofin cikin ruwan zafi. Ka ɗiga a wuyan hannunka: ta zama daidai da ɗumin jiki, ba ka ji zafi ba, ba ka ji sanyi ba.

Ka shimfiɗa tawul a cinyarka, ka kwantar da shi rub da ciki, ƙafafu huɗu a ƙasa, kai a ɗan ɗage, yadda yake kwanciya in yana tsotson uwarsa. Kada ka taɓa kwantar da shi rigingine irin na jaririn mutum. A haka ne madara take bin hanyar numfashi ta sauka a huhu, bayan kwana ɗaya ko biyu ciwon huhu ya kama shi, kuma da wuya ya tashi.

Ka tallafi kansa da yatsu biyu, ka zura bakin sirinjin ta gefen baki, ka sa ɗigo ɗaya a kan harshe, ka jira ya haɗiye. In ka ɗora yatsa a maƙogwaronsa za ka ji haɗiyar. Sai ɗigo na gaba. Shi ne zai ja ka, ba kai za ka tura shi ba. In ya kama sosai za ka ga ya naɗe harshe a bakin sirinjin, kunnuwansa suna ɗan rawa, ƙafafun gaba suna taka tawul ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce alamar komai yana tafiya daidai. Kafin ka fara, ka ja ka tura sirinjin sau da yawa don ya saki, saboda sabon sirinji yakan cije sannan ya zabura ya watsa madara gaba ɗaya. Mai amfani da fida ya huda bakin ƙarami, yadda in an kifa ta madarar za ta riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya, kuma kada ya matse ta.

In ka ga madara tana fitowa ta hanci, ko ya ƙware yana tari, ka tsaya. Ka sunkuyar da kansa ƙasa kaɗan, ka goge hancin, ka shafa bayansa har numfashi ya daidaita. In daga baya kana jin kurkur a ƙirjinsa ko yana numfashi da ƙyar, likita za ka kira.

Cikin jariri yana ɗaukar kimanin mil 4 ga kowane giram 100 na nauyinsa a zama ɗaya. Ga yadda abin yake tafiya:

- makon farko: mil 2 zuwa 6, bayan kowace sa'a 2
- mako na biyu: mil 6 zuwa 10, bayan sa'a 2 zuwa 3
- mako na uku: mil 10 zuwa 14, bayan sa'a 3 zuwa 4
- mako na huɗu: mil 14 zuwa 18, bayan sa'a 4 zuwa 5

Har da dare. Babu yadda za a yi a kauce wa wannan a mako biyun farko, don sukarin jininsu yana faɗuwa da sauri in sun daɗe ba su sha ba. Ka saita ƙararrawar waya, ka ajiye fulas da kofi a gefen gado, in kuna da yawa a gida ku raba daren. Da wahala, ba na ɓoye maka. Abin da yake ƙarfafa mini gwiwa shi ne faɗin Manzon Allah (SAW) cewa akwai lada a kyautata wa duk wani abu mai rai.

Gara a ba da kaɗan sau da yawa a kan a cika ciki. In ya kau da kai, ya ƙoshi. Cikin ya yi zagaye da laushi, kada ya yi tauri. Bayan ya gama ka ɗan bubbuga bayansa da yatsa ya yi gyatsa, ka goge madarar da ta zuba a haɓa da ƙirji kafin ta bushe ta ci fata.

Mataki na 6: Fitsari da kashi

Wannan ne mutane da yawa ba su sani ba. Jaririn kyanwa ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai ya kai mako 3 ko fiye. Uwa ce take lasar wurin har ya fito. In babu ita kuma ba ka yi ba, ciki zai kumbura, ya yi ta kuka ya ƙi shan madara.

A kowace ciyarwa, ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ka riƙe shi a hannu ɗaya, ka riƙa shafa ƙasan cikinsa da wajen dubura a hankali, kana zagayawa. Fitsari yana zuwa cikin 'yan daƙiƙu, kuma ya kamata ya zo kowane lokaci. Ka ci gaba da shafawa har ya tsaya. Kashi kuwa kamar sau ɗaya a rana ne, yana ɗan ɗaukar lokaci, za ka ji ya ƙanƙame jiki yana yunƙuri. Ka goge, ka busar da wurin. In fatar ta yi ja, ka shafa ɗan man Vaseline.

Ka riƙa duba audugar, don tana ba da labari. Fitsari mai haske, kusan kamar ruwa, lafiya. In ya yi rawaya sosai, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Kashi mai kyau rawaya ne ko ruwan ƙasa, mai kauri kamar man goge baki. In ya zama ruwa, yawanci ciki aka cika ko madarar ba ta dace ba: ka rage yawan, ka ɗan ƙara ruwa a haɗin na ciyarwa biyu ko uku. Gudawar da ta wuce yini ɗaya, ko mai jini, ko fari, ko kwana biyu cur babu kashi, duk na likita ne. Gudawa tana ƙarar da ɗan giram 150 cikin sa'o'i.

Mataki na 7: Awo

Kullum a lokaci guda, kafin ciyarwa, ka sa kowanne a ƙaramin kwano a kan sikeli ka rubuta. Lafiyayye yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana, wato wajen giram 100 a mako. Ido yana ruɗi, don gashi yana ɓoye rama, amma sikeli yana nuna matsala kwana guda ko biyu kafin ta bayyana a jiki. In nauyi ya tsaya kwana biyu, ko ya ragu, ka ƙara masa yawan lokutan sha, ka duba ɗumi, ka kira likita. In sun yi kama da juna, ka ɗiga wa kowanne ɗan launin abinci a gashin baya, wuri daban-daban.

Marayu sukan tsotsi jikin juna, musamman al'aurar namiji, har ta kumbura. In ka ga haka ka raba kwalin da wani kwali a tsakiya na 'yan kwanaki.

Mataki na 8: Ƙuma, ido, da abubuwan da suke guba

Ƙuma tana shan jinin jariri har ta kashe shi. Ka ɗaga leɓensa: dasashi ya zama ja-ja mai haske. In ya yi fari, jini ya yi ƙasa. Ka taje shi da mataji, kana jefa ƙumar a ruwan sabulu. In ta yi yawa, kuma jikinsa da ɗumi da ƙarfi, ka yi masa wanka da ruwan ɗumi da sabulun jarirai, daga wuya zuwa ƙasa, ban da kai, cikin minti biyu ko uku. Ka fara zagaye wuyan da kumfa don kada su gudu fuska. Ka tsane shi sarai da tawul, ka mayar da shi jikin robar ɗumi. In ba don ƙuma ba, ba a yi musu wanka, goge su ake yi da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Kada ka shafa musu kananzir, ko fiya-fiya, ko hodar kashe ƙwari, ko maganin kaska na karnuka da shanu. Da yawa daga cikin magungunan karnuka suna ɗauke da sinadarin fametirin, wanda yake sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Kada a fesa maganin sauro ko a kunna shi a ɗakin da suke. Dettol da Izal ma suna cutar da kyanwa, ko da a wankin shimfiɗarsu ne, sabulu da rana sun isa. Farasitamol kuwa, ko ɓallin ƙwaya ɗaya yana kashe babbar kyanwa, balle jariri, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Duk maganin mutane, kada a ba su sai da faɗin likitan dabbobi.

Ido ba a buɗe shi da ƙarfi. In ka ga fatar idon ta kumbura tun bai buɗe ba, ko kwantsa ta manne shi, ka dafa masa auduga mai ɗumi a hankali, kowane ido da tasa audugar, ka kai shi a duba. Mugunyar da ta taru a ciki tana makantar da shi. In kuma ka ga gashi ya zube a zagaye, fatar ta yi fari-fari, makero ne, kuma yana kama mutane, musamman yara. Wanke hannu kafin taɓa su da bayan taɓa su ya zama dole a gidan.

Mataki na 9: Yaye da koyon yashi

Daga mako 4, in ka ga suna tauna bakin sirinji, lokaci ya yi. Ka dama abincin 'yan kyanwa na gwangwani, ko na ƙwaya da aka jiƙa ya yi laushi, da madararsu, ya zama ruwa-ruwa. Ka zuba a faranti mara zurfi, ka lakato da yatsa ka shafa musu a baki. Kwanakin farko shiga ciki za su yi da ƙafa, sai ka goge su. Ka ci gaba da ba su madara bayan kowane ci har sikeli ya nuna abincin yana isar su. A hankali kana rage ruwan, zuwa mako 6 ko 8 sun koma abinci, sau huɗu a rana, da ruwa a kwano mara zurfi.

In babu na kanti, ka dafa kaza ko kifi mara ƙaya ba gishiri, ba magi, ba yaji, ka daka ya yi laushi, ka haɗa da dafaffiyar gwaiduwa. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa, don haka ban da romon miya. Nama zalla na tsawon lokaci yana barin ƙashi ba ƙwari, ƙafa ta lanƙwashe. Maganin wannan shi ne a tafasa ɓawon ƙwai, a busar, a daka ya zama gari lilis, a sa kimanin rabin ƙaramin cokali a rabin kilo na nama. Hanta kaɗan-kaɗan, ba kullum ba.

Yashi kuwa tun mako 3 zuwa 4 ake farawa. Roba mai faɗi mara zurfi, yashi mai tsabta da aka tankaɗe aka shanya. Bayan sun ci ka ɗora su a kai, ka ajiye audugar da ka goge musu fitsari a ciki don wari ya ja su. Ba sa wahalar koyo. A kwashe kashin kullum. Mai juna biyu kada ta yi wannan aikin, saboda wata cuta da ake samu a kashin kyanwa tana iya taɓa ɗan da ke ciki.

Tsakanin mako 2 da 7 ne suke sabawa da mutane. Wanda aka riƙa ɗauka a hankali ana shafa shi a wannan lokacin, shi ne yake tashi mai son mutane. A bar yara su riƙe su a zaune, babba yana kallo.

Mataki na 10: Magani, rigakafi da rabawa

Tsutsar ciki tana bin nonon uwa ta shiga jikinsu, shi ya sa kusan duk ɗan tsintuwa yana da ita. Likitoci sukan fara ba da maganin tun mako 2 ko 3, a maimaita bayan kowane mako 2, kuma da nauyi ake auna shi, don haka ka tafi da littafin awonka. Allurar rigakafi ta farko a mako 6 zuwa 8 ake yi, ana maimaitawa bayan mako 3 zuwa 4 har su kai wajen mako 16. Tana kare su daga murar kyanwa da kuma cutar amai da gudawa mai kashe ƙanana cikin kwanaki. Ta haukan kare daga wata 3, domin kyanwa ma tana ɗauka tana kuma yaɗawa. Duk wanda kyanwar da ba a sani ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai kuma na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Ba a jiran gobe in jariri ya ƙi sha sau biyu a jere, ko ya yi laushi, ko yana numfashi baki a buɗe, ko ya ware kansa gefe ya yi sanyi. A hanyar zuwa ma a tafi da robar ɗumi a cikin kwalin.

Uwar kuma ka tuna tana iya ɗaukar wani cikin tun tana shayarwa, kuma cikin kyanwa mako 9 ne kawai. 'Ya'yanta mata suna iya ɗauka tun suna wata 4 zuwa 6. In ba ka da halin riƙe su, ka yi magana da likita a kan tiyatar hana haihuwa ga mata da fiɗiya ga maza. Hakan ya fi a wayi gari an zuba jarirai a buhu an kai bola.

Kada ka ba da su kafin mako 8, in suna tare da uwa ma a bar su har mako 12. Wanda za ka ba, ka haɗa masa da ɗan tsumman da suka saba kwanciya a kai, da abincin da suka saba ci na kwana biyu ko uku, da takarda mai ranar da aka ba da maganin tsutsa da ranar allura ta gaba.